Tarihin Ɗab'in Zane da Matsayinsa a Ƙasar Hausa

  

Gabatarwa

Idan aka ambaci ɗab'i, abin da yakan fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne littafi ko jarida, watau rubutun da aka jera da haruffan ƙarfe. Amma akwai wani reshe na ɗab'i wanda ya girmi wannan nesa ba kusa ba, shi ne ɗab'in zane. Ma'anarsa ita ce a yi zane ko rubutu da hannu a kan katako ko ƙarfe ko dutse, a shafa masa tawada, a danna a kan takarda, har a sami kofe masu yawa daga aikin hannu guda. Maƙasudin wannan lacca shi ne ta bi tarihin wannan sana'a a taƙaice, ta nuna cewa ƙasar Hausa ta karɓe ta ta ƙofofi biyu, watau ta hannun marubutan littattafan addini na Kano da kuma masu zane na Zariya, sa'an nan ta jawo hankali ga yadda abin da waɗannan mutane suka bari yake salwanta domin ba a ɗauke shi a bakin kome ba.

Hanyoyin ɗab'i guda huɗu

Duk yawan dabarun da masu wannan sana'a suka ƙago, ba su wuce hanyoyi huɗu ba, kuma kowace daga cikinsu tana da misali a hannun mutanen ƙasar nan.

Ta farko ita ce bugun tudu. Akan sami katako mai laushi ko ledar daɓe mai kauri, a yi zane a kai, a sassaƙe duk inda ba a son tawada ta taɓa, a bar zanen ya yi tudu. Hatimin roba da ma'aikaci yake dannawa a kan takardun ofis kullum, shi ne bugun tudu tsantsa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mai sassaƙa hatimi zai lura cewa yana yanka haruffa a juye, domin abin da ke dama a jikin hatimi hagu yake komawa a kan takarda. Wannan ita ce ƙa'ida ta farko da kowane ɗalibin ɗab'i yake koya.

Ta biyu ita ce bugun kwari, kishiyar ta farko. A nan faranti ne na jan ƙarfe ko na tutiya ake ƙarzar zane a jikinsa, ko dai da tsinin ƙarfe kai tsaye, ko kuwa a lulluɓe farantin da kakin zuma da makamantansa, a yi zane a kan kakin da allura, a tsoma cikin ruwan asid ya cinye inda allura ta bi. Sai a cika ramukan da tawada, a goge saman farantin tas, a ɗora takarda mai laima, a matse da injin mai ƙarfi har takardar ta tsotso tawadar daga cikin ramukan. Duk wanda ya shafa sabuwar takardar naira dubu ya ji kaushin tawada a kan hotuna da manyan haruffa, to, ya taɓa bugun kwari. Ana buga kuɗi ta wannan hanya domin tana da wuyar kwaikwayo ga masu jabu.

Ta uku ita ce bugun dutse, wadda ba tudu ba rami a cikinta. Gininta a kan abu ɗaya yake wanda kowace mai girki ta sani, watau mai da ruwa ba sa haɗuwa. Akan yi zane da tawada mai maiƙo a kan wani irin dutse mai santsi, a shafe dutsen da ruwan ƙaro da ɗigon asid, sa'an nan a jiƙa shi. Idan aka birgima tawadar ɗab'i a kai, sai ta kama inda aka yi zane, ta ƙi inda ruwa ya jiƙa. Abin lura a nan shi ne ƙaron nan da alaramma yake dama tawadar allo da shi, wanda ake fitarwa ƙasashen waje daga Barno da Yobe da Jigawa, shi ne dai masu bugun dutse na Turai ba su iya aiki sai da shi.

Ta huɗu ita ce bugun rariya. Akan ɗaure ƙyalle mai ƙananan huji a jikin katako, a toshe inda ba a son launi ya ratsa, a tura fenti ta sauran wurin. Da ita ake buga rubutun rigunan 'yan makaranta da tutocin 'yan siyasa a kowane babban gari.

Asalin sana'ar da bunƙasarta

A ƙasar Sin aka fara bugun tudu a kan takarda. Littafi mafi daɗewa da aka samu cikakke mai ɗauke da kwanan watan buga shi, wani littafin addinin Buda ne na shekarar 868, kuma a farkonsa akwai hoto da aka sassaƙa a katako. Musulmi ma sun san wannan dabara tun kafin Turawa, domin a Masar, tun zamanin daular Faɗimiyya, ana buga layu da hatimai ta hanyar da Larabawa suka kira ɗarshi. A Turai kuwa sai wajen shekarar 1400 aka fara buga hotunan waliyyai da katin karta, kimanin shekara hamsin kafin Gutenberg ya buga littafinsa da haruffan ƙarfe a birnin Mainz.

Wanda ya ɗaga darajar sana'ar a Turai shi ne Albrecht Dürer, mutumin Nuremberg ta ƙasar Jamus, wanda ya rayu daga 1471 zuwa 1528. Shi ya gane cewa hoton fenti guda ɗaya gidan sarki ɗaya yake shiga, amma hoton da aka buga yana iya shiga gida ɗari. A 1515 ya zana karkanda, alhali bai taɓa ganinta ba, sai dai labari da ɗan zanen da aka aiko daga Lisbon, inda aka kawo dabbar daga Indiya. Ya yi mata sulke kamar na mayaƙi, ya ƙara mata ɗan ƙaho a doro wanda Allah bai halicce ta da shi ba. Fiye da shekara ɗari biyu mutanen Turai suna kwafar wannan hoto cikin littattafan ilmi a kan cewa haka karkanda take. Darasin da ke cikin wannan shi ne, yadda ɗab'i yake yaɗa gaskiya, haka yake yaɗa kuskure.

Da hotuna suka zama haja, sai aka sami wani mutum sabo a tsakanin mai zane da mai saye, shi ne mai ɗaukar nauyin bugu. A 1548 Hieronymus Cock ya buɗe kamfaninsa a birnin Antwerp, yana biyan mai zane ya yi zane, ya biya wani gwani ya ƙarza shi a faranti, ya biya mai inji ya buga, shi kuma ya sayar. Da ya rasu a 1570, matarsa ta ci gaba da riƙe kamfanin har shekara talatin. Haka tsarin yake a Japan, inda sanannen hoton nan na igiyar ruwan teku na Hokusai, wanda aka buga wajen 1831, ya ratsa hannun mutum huɗu: mai zane, masassaƙi, mai bugu, da mai kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda haja take kuwa, nan ɓarawo yake. Masu kwaikwayo sun dami Dürer har ya riƙa buga gargaɗi a ƙarshen littattafansa. A Ingila, William Hogarth ya matsa wa majalisa har ta kafa doka a 1735 wadda ta hana a kwafi aikin mai zane ba da izninsa ba har tsawon shekara goma sha huɗu. Daga ƙarshen ƙarni na 19 kuma aka shigo da al'adar ƙayyade adadi. Mai zane yakan buga, alal misali, kofe hamsin, ya sa hannu a kan kowane da fensir, ya rubuta 7/50, watau na bakwai cikin hamsin, sa'an nan ya lalata farantin domin kada a ƙara. Daga nan masana suka bambance abu biyu. Akwai bugu na asali, wanda mai zane ya yi aikinsa a jikin farantin domin a buga, kowane kofe kuwa aikinsa ne sosai. Akwai kuma hoton da aka ɗauka na wani zanen fenti aka buga a kalanda, wanda kwaikwayo ne kawai.

Bugun dutse da duniyar Musulmi

Alois Senefelder, wani marubucin wasan kwaikwayo a birnin Munich wanda ya rasa kuɗin buga wasanninsa, shi ya gano bugun dutse a 1796. Babu inda wannan dabara ta sami karɓuwa kamar ƙasashen Musulmi, kuma dalilin a fili yake. Haruffan Larabci a haɗe suke, kowane harafi yana sauya kama gwargwadon inda ya faɗo cikin kalma, ga wasulla sama da ƙasa. Jera su da ƙarfe yana bukatar ɗaruruwan guntaye, kuma abin da yake fitowa ba ya kama ƙafar rubutun gwani. Da bugun dutse kuwa, marubuci yana iya yin rubutunsa yadda ya saba a kan wata takarda ta musamman, a mayar da shi kan dutse, a buga, kowane shafi ya fito da hannunsa. Saboda haka maɗaba'ar Nawal Kishore da aka kafa a Lucknow ta Indiya a 1858 ta cika kasuwanni da littattafan Larabci da Farisanci da Urdu ta wannan hanya. A Maroko kuma wani alƙali, Muhammad al-Ɗayyib al-Rudani, ya sayo injin bugun dutse daga Masar a 1864, wanda daga bisani aka kafa shi a birnin Fas, aka shiga buga littattafan Malikiyya da rubutun Magaribi.

A farkon ƙarni na 20 aka sauƙaƙa wannan dabara. Maimakon dutse mai nauyi, sai a ɗauki hoton shafi, a mayar da shi kan farantin ƙarfe marar kauri, tawada ta tashi daga farantin zuwa kan roba, daga roba zuwa takarda. Wannan shi ne bugun ofset, kuma ta hanyarsa ne bugun dutse ya shigo ƙasar Hausa sosai.

Ƙofa ta farko: marubutan Kano

Makarantun allo na ƙasar Hausa da Barno da ruwayar Warshu suke karatu, da kuma rubutu mai kauri wanda ya samo asali daga na Magaribi. Alƙur'anin da hukumar Masar ta buga a Alƙahira a 1924 kuwa da ruwayar Hafsu yake, da rubutun gabas. Almajirin da ya tashi da allo yakan ga bambanci tun daga ɗigon haruffa: a wurinsa fa'un ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama, alhali a bugun gabas fa'un ɗigonta a sama yake, ƙaf kuma biyu. Saboda haka littafin waje bai biya bukatar malamin zaure ba.

Daga shekarun 1950 aka sami mafita a Kano. Malami ko ɗan kasuwa yakan ɗauki marubuci mai kyan hannu ya kwafi littafi da alƙalamin kara, a kai maɗaba'a a ɗauki hotonsa, a buga dubbai. Maɗaba'u irin su Oluseyi da Adebola da Northern Maktabat sun yi wannan aiki a Kano, haka nan Kamfanin Gaskiya a Zariya. Ta haka Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya da Dala'ilu, da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, da waƙoƙin wa'azi na ajami, suka wadata a Kasuwar Kurmi da ƙofofin masallatan Juma'a. Da yawa daga cikinsu akan bar su warwatse ba ɗinki, kamar dai rubutun hannu, domin mai su ya sa a tadarishi ya jefa a gafaka, ya kuma iya zare 'yan warƙoƙi ya ba ɗalibi.

Wanda ya duba farko ko ƙarshen irin waɗannan littattafai zai tarar sau da yawa an ambaci mawallafi, da marubucin da ya kwafa, da wanda ya ɗauki nauyin bugu, da maɗaba'a. Waɗannan su ne hannaye huɗu ɗin nan da aka gani a Antwerp da Japan. Bugu da ƙari, aikin bai tsaya ga rubutu ba. A Alƙur'ani bugun Kano akwai zayyana a farkon Fatiha da Baƙara, da alamomin izu da nusufi da rubu'i da sumuni da na sujada, kowace da fasalinta. Ga wasulla da ja, ga ɗigon hamza da rawaya, ga na alifin wasali da kore, kuma kowane launi sai an ratsa takarda ta cikin inji dominsa, a daidaita shi ya faɗa daidai gurbinsa. Marigayi Sharu Bala Gabari na Kano yana daga cikin waɗanda hannunsu ya fi shahara a wannan fage, har almajirai da yawa sun tashi suna kwaikwayon rubutunsa daga bugu ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Ba abin mamaki ba ne, domin ko Alƙur'anin da maɗaba'ar Sarki Fahad take bugawa a Madina tun bayan buɗe ta a 1984, rubutun hannun Usman Ɗaha ne aka ɗauki hotonsa.

Ƙofa ta biyu: masu zanen Zariya

Zariya ta zama cibiyar ɗab'in boko tun da aka mayar da Hukumar Fassara can a farkon shekarun 1930 ƙarƙashin Dokta R. M. East. A nan aka shirya Magana Jari Ce da hotunanta, aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA, wadda aka rufe a 1959, ta buga ƙananan littattafai masu hotuna domin manyan da suke koyon karatu. A cikin waɗannan duka, zane bawan rubutu ne, aikinsa ya taimaki mai karatu.

Ɗab'in zane a matsayin fasaha mai cin gashin kanta ya zo ne da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wanda aka tayar daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi kayan aiki da dabarun Turawa, amma a ɗebo abin da za a zana daga gida, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a ƙasar Urhobo, ya shiga kwalejin a 1957, kuma shi ya fi kowa rungumar ɗab'i. Shi ya yi hotunan littafin Cyprian Ekwensi mai suna An African Night's Entertainment na 1962, wanda labarinsa ya yi kama ƙwarai da na Jiki Magayi. Ya ƙaro sanin bugun kwari a wurin wani gwani ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, a tarurrukan koyarwa da aka yi a Ibadan da Oshogbo a farkon shekarun 1960. A 1967 ruwan asid ya ɓata masa wani faranti, sai ya cike ramukan da gam mai daskarewa irin na Araldite. Da ya gwada bugawa sai ya ga takarda ta fito da tudu da kwari kamar sassaƙa. Daga wannan ɓarna ya ƙago hanyar da ya sa wa suna filastogiraf, wadda ta sa sunansa ya zaga duniya. A shekarun 1980, bayan fari ya sake afka wa ƙasashen bakin Sahara, ya yi jerin ayyuka da ya kira Sahelian Masquerades, inda ya nuna damuwa da gurgusowar hamada. Tun 1998 kuma ya kafa taron koyar da matasa na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor. Har ila yau akwai Solomon Wangboje, wanda ya gama kwalejin Zariya a 1959, ya koyar da bugun tudu a Ife, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970.

Abin takaici shi ne waɗannan ƙofofi biyu ba su buɗe wa juna sosai ba. Mai zayyanar Alƙur'ani a Kano da ɗalibin zane a Samaru duka suna fama da matsala iri ɗaya, watau yadda layi da launi za su tsira daga hannu zuwa faranti zuwa takarda, amma ɗaya ana kiransa alaramma, ɗaya ana kiransa mai fasaha, ba a cika zaunar da su a inuwa ɗaya ba.

Abin da ya rage a hannu

Wannan tarihi ya shafi har garuruwan da suke nesa da maɗaba'a. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. An shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga, amma jirgin da ya tafi da buhuna shi yakan dawo da wasiƙu da jaridu da kayan 'yan koli. Daga Ƙaura kuma fatake su ratsa da su kasuwannin Shinkafi da Zurmi da ƙananan garuruwa irin su Ɗan Isa. Saboda haka a zaurukan malaman wannan yanki, gafakar da ke ɗauke da rubutun hannun kakanni ita ce kuma ke ɗauke da bugun Kano da na Zariya.

Waɗannan takardu suna fuskantar haɗari ta fuska uku. Na farko, takardar da aka buga su a kai mai araha ce, tana yin ja ta ruɓe, ga gara ga laima. Na biyu, tun da na'ura mai ƙwaƙwalwa ta karɓe aikin tsara littafi daga shekarun 1990, bukatar marubuci mai kyan hannu ta ragu, tsofaffin bugu kuwa ba a sabunta da yawa daga cikinsu. Na uku, rashin tsaron da ya addabi arewacin Zamfara tun daga shekarun 2010 ya raba dubban mutane da garuruwansu, wanda kuwa yake gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar littafi. A kan waɗannan duka akwai raini. Mai neman tsofaffin rubuce-rubuce yakan ture bugun kasuwa gefe domin ba rubutun hannu ba ne, mai kula da laburare na zamani kuma ya ture shi domin ba shi da bango ko lamba. Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi.

Kammalawa

Gyaran wannan al'amari bai fi ƙarfin waɗanda suke zaune a wannan zaure ba. Ya kamata cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da laburaren Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983, da na Jami'ar Tarayya ta Gusau, su ware wa bugun kasuwa gurbi na musamman, a rubuta sunan marubuci da mai zayyana da maɗaba'a da mai ɗaukar nauyi, kamar yadda gidajen tarihi na Turai suke yi wa aikin Dürer. Ɗalibin da ya je hutu gida yana iya neman iznin malamin unguwarsu ya ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe na kowane littafi da wayarsa, domin a nan sunayen suke. Ma'aikatan ilmi kuma suna iya mayar da bugun tudu cikin darasin zane na makarantun firamare, tun da ba ya bukatar kome sai guntun roba ko sakaina, da wuƙa, da tawada. Haka nan ya dace sassan koyar da zane na jami'o'i su gayyato masu zayyana su koyar, su kuma su koyi sarrafa faranti da inji, domin a buga zayyanarsu bugu na asali mai ɗauke da sa hannunsu, haƙƙinsu ya tsaya gare su.

Allah ya ji ƙan magabatan da suka yi wannan hidima, ya ba na baya ikon riƙe amanar abin da suka bari.